Sansanin kadet: Abin da ya kamata ka sani kafin ka tura ɗanka

Idan kana da ɗa ko 'ya a sakandare da ke burin sanya kakin soja, da wuya dogon hutu ya zo ba a kawo maka takardar neman izinin zuwa sansanin kadet ba. Wasu iyaye na sa hannu nan take, wasu kuma na ƙi saboda tsoro. Kafin ka yanke shawara, ga abin da sansanin ke koyarwa da kuma inda ya kamata ka sa ido.

Inda yawancin yaran ke hange shi ne Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ta kuma fara ɗaukar mata a 2011. A can ɗalibi na haɗa karatun digiri da horon soja. Ana tashi tun kafin asuba, a yi gudu, a yi fareti, sannan a shiga aji. Yaron da bai taɓa wanke kayansa ba ko kwana nesa da gida, wannan sauyi kan zo masa da nauyi a makonnin farko.

A nan ne sansanin ke da amfani. Yaro zai koyi kiyaye lokaci, gyara shimfiɗa, goge takalmi da karɓar umarni daga wanda bai girme shi ba. Zai ci abin da aka dafa wa kowa, ya kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi, ya gane cewa kuskuren mutum ɗaya kan jawo wa rukuni duka hukunci. Ana kuma koyar da karanta taswira, agajin gaggawa, tsallake shinge da doguwar tafiya da kaya a baya. Ga yaron da ya fasa shiga soja ma, waɗannan darussa ba su faɗi ƙasa banza ba.

Irin wannan horo ya daɗe a ƙasar nan. Makarantar Soja ta Zariya ta fara a 1954. Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, wadda aka fi sani da Man O' War, ta samo asali a 1951, kuma tana da makaranta a tsaunukan Shere da ke Jos da wata ta kan ruwa a Apapa, Legas. Makarantun sakandare da dama ma suna da ƙungiyar kadet tasu.

Sai dai fa kada a ruɗe ka: takardar shaidar sansani ba ta ba kowa gurbi a NDA. Dole yaro ya ci jarrabawar JAMB, ya ci ta tantancewa ta kwalejin, sannan ya tsallake gwajin lafiya da na ƙarfin jiki a gaban kwamitin zaɓe. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka da sunan zai samo gurbi, ka yi nesa da shi.

Ta fannin lafiya, fara da kai yaron asibiti. A duba rukunin jininsa game da sikila, a auna hawan jini, a saurari zuciya da huhu. Mai sikila ba ya jure irin wannan wahala. Mai jinin AS kuwa yawanci lafiya lau yake, amma motsa jiki mai tsanani cikin zafin rana da ƙishirwa kan iya jefa shi cikin haɗari, don haka masu horo su sani. Idan yana da asma ko farfaɗiya, kada ka ɓoye don gudun a hana shi. Ɓoyewar ce ke sa a rasa abin yi idan ciwon ya tashi.

Koya masa alamomin da ba a yi musu jarumta: jiri, amai, matsanancin ciwon kai, ruɗewa, ciwon ƙirji, ko fitsari mai duhu kamar shayi. Da ya ji ɗaya daga ciki, ya tsaya, ya shiga inuwa, ya sha ruwa, ya sanar da malami. Ya fara gudu da tafiya a gida makonni kafin ranar, yana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ya kuma saba da takalmin da zai sa, domin sabon takalmi kan fasa ƙafa. Kada a manta da gidan sauro, gorar ruwa da safa masu yawa.

Ka kuma je ka yi tambaya da kanka. Wa ke shirya sansanin, kuma makaranta ta amince da shi? Akwai ma'aikacin lafiya da motar kai mara lafiya asibiti? Daga ina ake samun ruwan sha? Idan 'ya mace ce, akwai malamai mata da makwanci na daban? An ware lokacin sallah? Mene ne hukuncin babban ɗalibi da ya doki ƙarami? Horo daban, cin zali daban.

Bayan ya dawo, zauna ku yi hira. Tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya da abin da ya ji daɗinsa. Idan ya dawo da ƙarin sha'awa, taimaka masa ya dage da karatu, domin jarrabawa ce matakin farko. Idan kuwa ya ce aikin ba nasa ba ne, kada ka kira shi rago. Gara ya gane haka a sansanin 'yan makonni da ya gane bayan ya shiga kwalejin.