KUƊI A CIKIN KATIFA KO A BANKI?

Daga Wakilinmu na Arewa

Har yanzu akwai 'yan'uwanmu da yawa mazauna Kurmi, musamman masu fataucin shanu da goro da kayan gwari a Ikko da Badun, waɗanda ba su amince da banki ba. In kasuwa ta tashi sai mutum ya ɗaure cinikinsa a lalita, ko ya cusa cikin katifa, ko kuwa ya ba maigidansa ajiya har ranar da zai tafi ganin gida.

Dalilinsu ba na banza ba ne. A watan Janairu na 1998 gwamnati ta rufe bankuna 26 a rana ɗaya, mutane da yawa suka yi ta zarya kafin su ga abin da ya samu daga dukiyarsu. Wasu kuma tsoron riba ne ya hana su, ga wahalar cika takardu da Turanci ga wanda iliminsa na allo ne.

To, amma fa a duba ɗaya gefen. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta canja launin takardun naira, ta rufe iyakokin ƙasa, ta ba jama'a ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin kuɗi banki. Naira 5,000 kaɗai ake musanya wa mutum hannu da hannu, saura sai ya zuba a asusu ya kuma bayyana inda ya samo. Wanda ya binne nasa a wani ƙauye, shi kuwa yana Agege, kafin ya je ya tono lokaci ya ƙure. Haka aka sake yi a ƙarshen 2022, da Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sai aka ga ana fito da damman kuɗi waɗanda laima ta riga ta ci.

Gaskiya ce, a wancan karo masu ajiya a banki su ma sun sha wuya, domin a farkon 2023 mutum na da kuɗi a asusu amma ya yini a layi bai sami na cefane ba, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. Amma kuɗin nan suna nan, ba su ƙone ba. Wanda rumfarsa ta ci wuta a rikicin kasuwar Shasha ta Badun a watan Fabrairu na 2021, in jarinsa na ciki, wa zai biya shi? Baƙo a ƙasar wasu shi ya fi kowa bukatar ya iya tashi cikin dare da rigar wuyansa kawai, ya isa Kano ko Sakkwato ya tarar da dukiyarsa tana jiransa.

Batun rushewar banki kuwa, tun 1988 aka kafa hukumar NDIC mai inshorar kuɗin masu ajiya, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take biyan kowane mutum a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Mai gudun riba shi ma ya sami mafita, tunda bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, wasu irinsa suka biyo baya.

Akwai kuma maganar da ba a son yi, watau mutuwa. Sau nawa bawan Allah ya rasu a nan Kurmi, iyalinsa na Arewa ba su san ramin da ya haƙa ba, ko wanda ya ba ajiya ya yi shiru? A banki akwai rubutu da sunan magaji, ko da yake sai an kawo takardar kotu kafin a saki kuɗin, kuma abin yana ɗaukar lokaci.

A ganina ɗan kasuwa ya riƙe na cinikin kwana biyu ko uku a hannu, saura ya kai banki. In jarin ya wuce miliyan 5, ya raba shi a bankuna biyu, ya kuma shaida wa matarsa ko babban ɗansa sunan bankin da lambar asusun.