Ɗigar Ruwa Daga Esin Mota

Duk wanda ya taɓa fito da kwalbar lemo daga firij a watan Agusta ya ga yadda raɓa ke tsattsafowa a jikinta. Abin da ke faruwa ke nan a cikin esin mota. A bayan dashbod akwai wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari, kanikawa na kiransa ibaforeta, wanda gas ke sanyayawa. Iska mai ɗumi na bi ta kansa sai danshinta ya koma ruwa, ya taru a wani ɗan kasko, ya bi ƙaramin tiyon roba ya zube ƙasa. Shi ya sa ruwan ke yawa da damina, da hunturu kuwa da ƙyar a ga ɗigo.

Saboda haka, in ka faka mota ka ga ta jiƙa ƙasa ta wajen kujerar mai zaman banza, kada hankalinka ya tashi, aikinta take yi. Inda za a damu shi ne in ruwan ya juyo ciki: kafet ya jiƙe, ana jin motsin ruwa idan an sha kwana, mota ta ɗauki warin rima.

Kafin a kwance komai, a dangwali ruwan da farin ƙyalle. In garau yake, ba launi ba ƙamshi, na esi ne. In kore ne ko ja, da santsi a yatsa, ruwan lagireto ne ke yoyo daga hita, kuma wannan ba a wasa da shi, don inji na iya zafi. In sai an yi ruwan sama kafet ke jiƙewa, a duba robar gilas da magudanar da ke ƙasan waifa.

Galibi dai tiyon ne ya toshe. Ƙurar hunturu kan haɗu da danshi ta zama laka, motar da ta daɗe a ajiye kuma zanzaro kan liƙe bakin tiyonta da ginin ƙasa. A leƙa ƙasan mota a nemo shi, a matsa bakinsa, a zura waya mai laushi a hankali, ko mai faci ya hura masa iska kaɗan-kaɗan. Yana buɗewa za ka ga ruwa ya tsiyayo shaa. Ban yarda da cusa tsinken ƙarfe ba ko kaɗan, domin ibaforeta alminiyon ne marar kauri, in ya huje sai an sauke dashbod gaba ɗaya.

Wani lokaci tiyon ne ya zame daga mazauninsa, sai a mayar. Filta mai datti ko ƙarancin gas ma kan sa ƙanƙara ta kama, in ta narke ta fi ƙarfin kaskon.

Bayan gyara a ɗaga kafet ya bushe sarai, don akwai wayoyin lantarki a ƙarƙashinsa, ga tsatsa. Mai karatu, kafin ka biya kuɗin gas, ka ce wa bakanike ya fara duba tiyo.