Gyaɗar Kano: Abin da Ya Ɗaga Ta, da Abin da Ya Kwantar da Ita

Yau maganarmu a kan gyaɗa ce, domin labarinta ya isa ya nuna wa mai hankali abin da ke sa manomi ƙwazo.

Sa'ad da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, auduga Turawa ke nema, don masaƙun Ingila. Amma masaƙan ƙasar nan sun fi Bature sayenta da tsada. Manomi kuwa ya duba ya ga gyaɗa ta fi masa: tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, in ciniki ya ƙi a ci ta a gida, harawarta kuma ta ciyar da dabbobi. A Turai a lokacin ana neman manta ido rufe. Daga 1912 kamfanonin Turawa suka shiga gasar saye, kowa na ƙari a kan kuɗin ɗan'uwansa. Ba wanda ya tilasta wa talaka, kuɗin da ya gani a hannu su suka kai shi gona.

Waɗanda suka haɗa kamfani da ƙauye kuwa su ne fataken goro, watau Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka saba da hanyar Gwanja. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Suna da jari, suna da yara, sun san inda za a ba da bashi a samu biya. Cikinsu aka sami Alhaji Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya rasu cikin 1955. Dalar gyaɗa da ake alfahari da ita alamar arziki ce, haƙiƙa, amma kuma shaida ce cewa jirgi ya kasa kwashe kaya a kan kari.

Cikin 1949 aka kafa hukumar ciniki ta gyaɗa, cikin 1954 kuma Jihar Arewa ta sami tata hukumar. Ita ke yanke farashi, ita kaɗai ke sayarwa a ƙasashen waje, ba mai saya mata sai mai lasin. Hujjarta ita ce za ta ajiye rara don shekarar da kasuwa ta faɗi. Maganar tana da daɗin ji. Lalle an yi ayyukan gwamnati da kuɗin, amma daga aljihun manomi suka fito, alhali an hana shi zaɓen wanda zai sayar wa. Da ya ga haka, sai wani ya tsallaka da buhunsa Nijar, wani ya kai wa mata masu ƙuli-ƙuli. Sa'an nan ga farin 1973, ga cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa cikin 1975, ga kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma. Ko da aka rushe hukumomin ciniki cikin 1986, dala ta riga ta ɓace.

To, jama'a, yanzu ƙofa a buɗe take. Riɗi da zoɓo da citta suna fita daga kasuwar Dawanau zuwa ƙasashe masu nisa, mai saye kuma ba ɗaya ba ne. Sai dai mai sayen yau ba ya tsayawa ga sikeli, har awon tsabta yake yi. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda maganin ƙwari da aka samu cikinsa ya wuce kima. Maganin nan a rumbu da sito ake zuba shi don tsoron ƙwari, alhali akwai buhu mai leda a ciki, wanda in an ɗaure bakinsa sosai ƙwari kan mutu don rashin iska. Haka gyaɗar da aka ɗura da danshi, takan yi fumfuna mai guba, a mayar da ita daga bakin teku. Attajirin da ke son kayansa su wuce, sai ya bambanta kuɗin busasshe mai tsabta da na jiƙaƙƙe tun a kasuwar ƙauye, domin manomi ya ga ladan shanyarsa.