Man Fuska Na Likitoci: A Duba Kafin A Saya

Duk wanda ya ratsa kasuwar Balogun a nan Ikko ya ga 'yan kwalaben man fuska, wata ma kuɗinta ya isa kai mutum Kano a mota. Mai kanti zai ce maka likitan fata ne ya haɗa shi. To, ina asalin wannan magana?

A shekarar 1968 kamfanin Estée Lauder na Amurka ya fito da Clinique tare da wani likitan fata, Dakta Norman Orentreich. Dabararsa ita ce a fara sanin irin fatar mutum, mai maiƙo ce ko busasshiya, sa'an nan a bi matakai uku: sabulu, ruwan goge fuska, da man shafawa.

Nan ne ya kamata mu 'yan Arewa mu lura. Fatar da hunturun Kano ya busar tana son mai mai kauri, irin man kaɗanya. Amma a zufar Ikko da Fatakwal mai kauri yakan toshe ƙofofin fata, sai ƙuraje. Kyasbi kuwa, wanda gumi ke ƙara wa ƙarfi, ƙwayar cuta ce irin ta fumfuna. Maganinsa yana kemis da araha, man ado ba ya kashe shi kome tsadarsa.

Abin tsoro shi ne jabu da masu sa fari. Waɗansu akwai zaiba a ciki, mai lalata ƙoda, waɗansu haidirokinon. Tun 1975 likitocin Afirka ta Kudu suka nuna cewa daɗewa ana shafa shi yana bar wa kumatu baƙin tabo mai wuyar fita. Hajiya, ki nemi lambar NAFDAC a jikin kwali tukuna.