CIWON CIKIN DA GARKUWAR JIKI KE RURUTA WUTARSA

A garuruwan arewacin Jihar Yobe irin su Kumagannam da ke ƙaramar hukumar Yusufari, duk ciwon da ya murɗa mutum a saman ciki akan ce olsa ce, a jiƙa kanwa a ba shi. To, amma akwai wani ciwo mai kama da ita wanda jinkirin kwana biyu kan sa ya yi kisa, watau kumburin fankiriyas.

Ita fankiriyas wata tsoka ce da ke kwance bayan tumbi, ita ke yin insulin da ruwan narkar da abinci. A ƙa'ida ruwan nan ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Idan tsakuwar maɗaciya ta toshe masa hanya, ko barasa ko yawan kitse cikin jini suka ɓata tsokar, sai ya kama narkar da ita kanta. Wani likita, Hans Chiari, shi ya bayyana haka tun a 1896. Masu sikila su lura, domin tsakuwar maɗaciya ta yawaita gare su.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babbar ɓarnar daga garkuwar jiki take fitowa. Da zarar tsokar ta ji rauni, fararen ƙwayoyin jini kan yi mata dafifi, suna sakin sinadaran da ke kiran 'yan'uwansu. Ga mutum kamar 80 cikin 100, abin kan lafa cikin mako guda. Ga sauran kuwa, sinadaran kan bi jini su game jiki, jijiyoyi su riƙa yoyo, huhu ya tara ruwa, ƙoda ta tsaya. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Bisa ƙa'idar Atlanta da aka sabunta a 2012, idan gazawar huhu, ƙoda ko zuciya ta wuce awa 48, ciwon ya zama mai tsanani. Bayan haka garkuwar kan gaji, ƙwayoyin cuta daga hanji su auka wa naman da ya mutu.

Har yanzu babu wani magani takamaimai da ke tsayar da kumburin. Abin da ke ceton rai shi ne ƙarin ruwa da wuri, da maganin zafi, da sa ido kan numfashi da fitsari. Waɗannan kuwa sai a asibiti.

Saboda haka, jama'a, idan ciwo ya taso farat ɗaya a saman ciki, yana ratsawa har baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa, kada a jira wayewar gari. A nemi mota a nufi asibitin Gashuwa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, inda likita zai duba, ya sa a auna jini.