Ko Kun Sani? Waƙar Raino a Kan Fiyano

Ko kun san irin waƙar da uwa ke rerawa tana jijjiga goyo a Gyadi-Gyadi ko Tarauni, a wata ƙasar har ta shiga littafin manyan makaɗa?

A 1891 wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Norwe, Edvard Grieg, ya haɗu da wata budurwa mai tatsar shanu, Gjendine Slålien, a duwatsun Jotunheimen. Ya ji tana waƙar raino, daga baya ya mayar da waƙar kiɗan fiyano zalla, ba murya. Da ita ya rufe jerin waƙoƙin gargajiya 19 da aka buga a 1897, kuma har gobe da sunan budurwar ake kiranta.

Tamu kuwa ba ruwanta da kayan kiɗa. An tamke majanyi, tafin hannu na bubbuga bayan yaro, ana kiran sunansa har barci ya kwashe shi. 'Yar raino daga bakin kaka ta koya, ba takarda. Yau ko, yaro na tsala kuka sai a miƙa masa waya.

Jama'a, in kakarku na raye, ku naɗi muryarta a wayar nan.