Guguwar Saturia da Ba a Tunawa

Tun daga daren 24 ga Maris, 2023, da guguwa mai murɗawa ta daidaita garin Rolling Fork a jihar Misisipi, duk sa'ad da hotunan irin wannan ɓarna suka cika Facebook sai ka ji ana cewa ai bala'in Amurkawa ne. Da gaskiyar masu faɗa ta wani gefen: ƙasar kan ga irin wannan guguwa sama da 1,000 a shekara, saboda iska mai ɗumi da laima daga tekun Meziko tana karo da busasshiya mai sanyi a filayen noma na tsakiyarta, hadari ya haɗu, ya fara juyawa.

To amma wadda ta fi kowace kisa a tarihi ba a Amurka ta sauka ba.

Da yammacin 26 ga Afrilu, 1989, ta faɗa wa yankunan Daulatpur da Saturia a gundumar Manikganj ta Bangaladash, wurin da fari ya riga ya galabaita. An ƙiyasta mutum 1,300 suka rasu, 12,000 suka ji rauni, wasu 80,000 suka kwana a fili. Ta Amurka mafi muni, wadda ta ratsa Misuri da Ilinoi da Indiyana a 1925, mutum 695 ta kashe, amma ita ake ta rubuta wa littattafai. Manoman Saturia kuwa, ko a jerin tarihi sai an lalubo sunansu. A 1996 aka sake kwatawa a Tangail, ita ma a Bangaladash, ɗaruruwa suka tafi.

Ƙarfin iska kaɗai bai isa ya bayyana adadin na Saturia ba. Ƙauyuka ne cunkushe, gidajen gora da kwano, babu jiniyar gargaɗi, babu ramin fakewa. Kwanon rufi idan iska ta ɗauke shi yanka yake yi, kuma shi ya jikkata da dama.

Wannan kam ba baƙon labari ba ne a ƙasar Hausa, inda iskar farkon damina, ko da ba mai murɗawa ba ce, kan yaye rufin azuzuwa da masallatai kowace shekara. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi, amma manomi nawa yake isa gare su kafin hadari ya taso? Jami'ai su daina jira sai an yi ɓarna su kawo bandir ɗin kwano ana ɗaukar hoto. Su sa gargaɗin a rediyo da Hausa, su tilasta wa 'yan kwangilar makarantu ɗaure rufi da ƙarfe.